Mai Cinna Wuta Ba Jarumi Ba Ne

Jama'ar Sabo, mu faɗa wa juna gaskiya. Da rigima ta tashi, sai ka ji wasu samari na cewa, "A ƙona musu, mu rama!" Rama me? A Fabrairun 2021, da aka ƙona kasuwar Shasha a nan Ibadan, Bahaushe ya yi kuka, Bayarabe ma ya yi.

A dokar laifuka, sashe na 443, ƙona gini da gangan ɗaurin rai da rai ne. Yunƙurin kaɗai shekara 14. Samari, wanda ya sayo muku fetur ba zai zauna muku a kurkuku ba.

Iyaye, mu daina ɓoye mai ashana don ɗanmu ne. Rumfunanmu katako ne, manne da juna. In ta kama, har tamu za ta ci.