Ragewa Ko Bari: Matsalar Mashayin Ƙarshen Wata

Mashayi iri biyu ne. Akwai na kullum, akwai kuma wanda kan yi mako uku bai kurɓa ba, sai ran da albashi ya fito ya sha har ya kasa gane hanyar gida. Na biyun nan ya fi ruɗin kansa, domin yakan ce shi ragewa kawai yake bukata.

A ganina, maganar ragewa tana da babban rauni. Wanda ya yi alkawarin tsayawa a kwalba biyu da hankalinsa ya yi shi, giya kuwa hankalin take fara taɓawa. Kafin a kai ta uku, mai ƙidayar ya yi barci. Shi ya sa ƙungiyar Alcoholics Anonymous, da aka kafa a Amurka a 1935, ta tsaya kan bari gaba ɗaya. Akwai dai masu iya ragewa, amma galibi waɗanda abin bai yi wa katutu ba ne.

Sai dai bari ma yana da tsari. Ko haramcin giya mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Wanda ya saba da sha kullum, har hannunsa na rawa da safe, likitoci sun gargaɗe shi kada ya yanke rana ɗaya, domin farfaɗiya da gigita na iya kama shi cikin kwana 2 ko 3, har su kashe shi. Wannan asibiti zai fara zuwa. Na ƙarshen wata ba shi da wannan uzuri. Abin da ke gabansa shi ne ya zaɓi waɗanda zai zauna da su daren albashi.