Ɓeran Masar: A Bar Yaro Ya Yi Kiwonsa, Amma Da Sharaɗi

Duk wanda ya taɓa zuwa Wudil ran Jumma'a ya san garin masu kiwo ne. Tun da hantsi kara ta ke cika da shanu, manyan motoci na lodi za su Kudu, ga tumaki da awaki ko ina, dillalai na ta kai da kawowa. Amma akwai wata 'yar dabba wadda ba ta da dillali, ba ta kuwa da turke a kara, ita ce ɓeran masar. Kiwon yara ne. Yaro ya kan tara 'yan kuɗinsa ya sayi biyu wurin abokinsa, ya zo da su gida cikin kwali, daga nan sai rigima ta tashi. Maigida ya ce kada a kawo masa ɓera gida, yana fama da na rumbu. Uwar gida ta ce wa zai riƙa share kashinsa? In an yi sa'a an bar yaron, sai a ƙyale shi da abinsa, ba mai duba abin da ya ke ba su. Kafin bazara ta wuce sun mutu, kowa ya ce ai dama an faɗa.

To, hana yaron kuskure ne. Barinsa ba ja-gora kuwa ya fi hanawar muni, domin rai ne ke salwanta a banza. Abin da ya kamata shi ne maigida ya yarda, sa'an nan ya kafa sharaɗi, ya kuma tsaya ya ga an cika shi.

Sunan ne ya fara jawo wa dabbar nan baƙin jini. Ɓeran masar bai taɓa zama ɗan ƙasar Masar ba. Asalinsa duwatsun Andes ne, can Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ikwado, inda mutane su ka yi dubban shekaru suna kiwonsa cikin ɗakunan girki. Turawan Sifen da na Holan da na Ingila su ka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga baya ya watsu har ya iso Afirka. Bahaushe dai in ya ga baƙon abu mai kyau sai ya jingina shi da Masar. Haka ya yi wa masara, haka ya yi wa gwanda da ya kira gwandar masar, alhali su ma daga Amurka su ka fito. Batun ɓera kuwa, dangantakar ta nesa ce ƙwarai. Ɓeran masar ba shi da wutsiya, ba ya hawa bango, ba ya haƙa rami kamar gafiya ko zomo, ba ya ɓarnar rumbu. Ciyawa ce abincinsa kamar tunkiya. Da wuya ya ciji mutum, in ba an matsa masa ba.

Masu ƙin kiwon suna da wata magana mai nauyi, ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Sun ce dabbar da ba ta da kasuwa ba ta da amfani, gara a ba yaro kaza ko zomo. Gaskiya ne, wanda ya ke neman riba a Wudil ba zai same ta nan ba. A Peru nama ne na biki, har Jami'ar Aikin Gona ta La Molina da ke Lima ta daɗe tana aikin fid da iri mai girman jiki. A Kamaru da gabashin Kwango ma talakawa na kiwonsa don miya. A ƙasar Hausa kuwa don sha'awa a ke ajiye shi, maganar cinsa kuma ta malamai ce. Amma a duba abin da kaza ke koya wa yaro: a sake ta da safe, ta yi kiwon kanta, ta dawo da magariba, ran da annobar kaji ta zo da hunturu ta share akurkin duka. Zomo ya fi ƙarfin ɗan shekara bakwai, yana yaƙushi, yana haƙe gindin katanga ya fice. Ɓeran masar ba ya iya nemo ko ƙwayar ciyawa da kansa. In yaro bai yanko ba, ba a ci ba. Yana kuma da baki: da ya ji motsin mai ba shi abinci sai ya kama fito da ƙarfi, har ya tona asirin malalaci. Yaron da ya shekara biyu yana tashi da sassafe don yankan ciyawa, ya san lafiyayyar dabba daga mai ciwo, shi ne wanda za a iya danƙa wa ragon layya gobe a kwana da hankali kwance. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Sharaɗi na fari, wanda ya fi sauran duka, shi ne ɗanyen ganye kullum, rani da damina. Ga dalili. Akwai wani sinadari da likitoci ke kira bitamin C. Saniya da akuya da zomo da kaza duk jikinsu na yin nasa da kansa. Mutum da biri da ɓeran masar ba haka su ke ba, sai sun samu cikin abinci. A shekarar 1907 waɗansu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, su ka riƙa ba ɓeran masar tsabar hatsi da burodi kaɗai. Ba a daɗe ba dabbobin su ka kamu da irin ciwon nan da ya kan kashe matuƙan jiragen ruwa a zamanin da, wanda ke kumbura dasashi ya sa shi jini, gaɓoɓi su yi tsami. Da su ka haɗa musu da ɗanyen kabeji ko ruwan lemun tsami, sai ciwon bai kama su ba. Wannan aikin ne ya buɗe hanyar gano bitamin C daga baya.

Abin tausayi, gwajin nan da a ka gama fiye da shekara ɗari, shi ne yara ke ta maimaitawa ko wane rani ba da saninsu ba. Da damina ba wahala, ga harkiya da burburwa da gadagi da kiri-kiri a bakin ko wace gona, dabba ta yi ƙiba tana sheƙi. Da kaka ta wuce ciyawa ta bushe, sai yaro ya koma ba ta dusa da gero da ragowar tuwo. Cikin mako biyu zuwa uku za a ga gashinta ya tashi, ta daina tsalle, tana ɗingishi, in an taɓa ta ta yi ƙara, ta ƙi cin abinci. Sai a ce iska ce ko sanyi. Yunwar ganye ce kurum.

Mutumin Wudil kuwa ba shi da hanzari a nan. Garin a bakin kogi ya ke, tun kuma da a ka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, masu lambu na samun ruwan noman rani. Abin da a ke zubarwa a bakin lambu da wurin 'yan gwari ya isa ya ci da garke guda: ganyen waje na kabeji da latas, ganyen karas, ganyen dankalin Hausa, ɓawon kankana da a ka wanke, tattasan da ya fashe bai ruɓe ba. Tattasai da gwaiba sun fi lemo yawan bitamin C, ɗan yanki kamar yatsa ya wadatar da dabba guda a yini. Zogalen da ke tsakar gida ma ya yi, a riƙa haɗawa kaɗan kaɗan. Awon mai sauƙi ne, cikin hannun babba guda na ɗanyen ganye ga ko wace dabba ko wace rana. In ganyen na saurin yaushi, a tuna da dabarar marigayi Malam Muhammadu Bah Abba na Jigawa, wanda ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tukwane ba su yi wa Wudil tsada ba.

Kada a fahimta cewa busasshiyar ciyawa ba ta da amfani. Ita ce ma mafi yawan abin da ya kamata ya ci. Haƙoransa 20 ne, dukansu kuwa ba su daina tsiro har ya mutu, tauna ce ke rage su. In ya rasa abu mai kaushi sai turamen su yi tsawo su danne harshe, ya kasa haɗiya, miyau na zuba. Sabo da haka a ajiye masa harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa mai tsabta dare da rana, wadda ba ta yi fumfuna ba. Dusa kaɗan ta isa, kamar cokali guda. Ruwan sha kada ya yanke, a ƙasko mai nauyi wanda ba zai kife ba. In yaro ya ga dabbar ta sunkuya tana cin wani irin kashinta mai taushi, kada ya buge ta, halittarta ke nan, da shi ta ke ƙarasa narka abinci.

Akwai abin da ba a ba shi ko kusa: albasa da tafarnuwa, ganyen tumatir, ganyen dankalin Turawa, ɗanyen ganyen rogo, tumfafiya, zurma, zaƙami, da bini-da-zugu. Haka nan nama da madara da abin da a ka sa wa gishiri da mai. Wanda ya fi haɗari a zamanin nan shi ne ciyawar gefen gonar da a ka yi wa feshi. Lalle a koya wa yaro ya tambayi mai gona tukuna.

Sharaɗi na biyu inuwa. Dabbar kan dutse ce, ƙasarsu mai sanyi, ba ta kuwa iya fid da zafi ta hanyar gumi kamar mutum. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin zafi, in ya haura 30 ta shiga haɗari. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar Kano ya kan wuce 40. Akwatin katako mai murfin kwano a tsakar gida tanda ce, kafin la'asar an gama. A nemi ɗakin ƙasa mai rufin soro ko na bunu, wanda iska ke ratsawa, a kewaye musu kusurwa da tubali, tsayin ƙafa guda da 'yan kai ya isa tun da ba su tsallaka katanga. A rufe sama da ragar waya sabo da kyanwa da gafiya da maciji. A girke randar ruwa a gefen wurin, za a ga sun je sun kwanta jikinta da rana. Da hunturu kuma a tare musu iskar dare da buhu, gama sanyin ƙirji na kashe su da sauri. Ƙasan wurin a shimfiɗa buntun shinkafa ko ciyawa, a kwashe sau biyu a mako a kai gindin zogale, taki ne mai kyau. Kada a tsai da su kan waya, tana yanka musu tafin ƙafa.

Sai batun haihuwa, inda a kan yi ɓarna da yawa. Macen na ɗaukar ciki kwana 59 zuwa 72, watau ninkin na zomo, ta haifi biyu zuwa huɗu galibi. 'Ya'yan na fitowa da gashinsu, ido buɗe, kafin kwana biyu sun fara tsinkar ciyawa. Amma macen na iya sake ɗaukar ciki a ranar da ta haihu, in namiji na nan. A fid da shi tun kafin ranar, ta huta. 'Ya'ya maza kuma a ware su da sun cika mako uku. Macen da ta wuce wata shida ko bakwai ba ta taɓa haihuwa ba gara a bar ta haka, domin ƙashin ƙugunta ya kan ƙi buɗewa, ta mutu wurin naƙuda. Maigidan da ba ya son garke sai ya saya wa yaro mata biyu, shi ke nan. Guda ɗaya tak ba ya jin daɗi, dabbar taro ce, har ƙasar Suwizalan ta kafa doka a 2008 ta hana ajiye shi shi kaɗai.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In dabbar ta yi rashin lafiya kada wani ya ɓare kafso na mutane ya zuba mata a ruwa. Fenisilin da danginsa guba ne gare ta, suna kashe ƙwayoyin da ke taimakon hanjinta, ta yi zawo ta mutu. A kai wa malamin dabbobi. Ba a ɗaukarta ta kunne ko ta fatar wuya, hannu guda ƙarƙashin ƙirji, guda ƙarƙashin gindi. Yaro ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ta, in kuma an ga gashinta na zubewa da'ira da'ira a raba ta da yara, gama makero na ratsawa daga dabba zuwa mutum.

Akwai gidan da bai kamata a yarda ba sam. Ɓeran masar ya kan yi shekara biyar zuwa bakwai a duniya. Yaron da zai tafi makarantar kwana baɗi, ba shi da ƙane mai karɓa, nauyin kan uwarsa zai faɗa, ita kuwa ba a shawarce ta ba. Haka nan gidan da ke nesa da lambu, wanda ba a iya samun ɗanyen ganye daga Janairu zuwa Mayu. Irin waɗannan a ba yaro tantabara.

Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha a garin, wadda a ka buɗe a 2001, a ka sa mata sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana kuwa da sashen aikin gona. Da ɗalibanta za su rubuta 'yar takarda guda da Hausa a kan kiwon ƙananan dabbobi, a raba wa makarantun firamare na Utai da Indabo da Darki da Lajawa da Acika, da aikin ya kai inda malamin gona ba ya samun zuwa.

Wanda ya yi niyya ya dakata sai ruwa ya zauna a watan Yuni, ciyawa ta fito, don yaro ya saba da aikin kafin rani ya gwada shi. Wurin zaɓe a ɗauki mai wata ɗaya zuwa biyu, mai ido garau, hanci a bushe, gashi kwance, gindi ba alamar zawo. A tambayi mai sayarwa abin da ya saba ba ta, a ci gaba da shi mako guda kafin a fara canjawa sannu sannu.