Sallama Daga Asibiti Ba Ita Ce Ƙarshen Jinya Ba

A shekarar 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya ƙago wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane majiyyaci tare da ɗan uwansa. Hikimar ita ce magani ba ya wadatarwa sai da mai tsayawa a kan mara lafiya. Wannan darasi ya fi shafar 'yan Arewa mazauna kurmi, domin galibinsu sun baro danginsu a gida.

Idan aka sallami mutum daga Aro ko asibitin Yaba a Legas, akan ba shi magani da katin ranar komawa ganin likita. A nan ake yin sake. Wani da ya ji sauƙi sai ya ajiye ƙwayoyin. Wani kuwa maganin kan sa shi barci ko rawar hannu, ga shi dako ko gadi ne abincinsa. Wani kuɗin mota ke gagararsa, wani kunya, wani kuma 'yan uwa su sa shi a mota zuwa Arewa ba ko takarda. Sau da yawa ciwon kan dawo cikin 'yan watanni, sana'a ta tafi, a ƙare a bakin titi ko cikin mari.

Alhali duk waɗannan suna da mafita. Likita na iya rage maganin ko ya sauya shi, kuma ga wasu cututtukan akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Mai komawa gida ya karɓi takardar likita zuwa asibitin Kaduna, Kware, Maiduguri ko Dawanau a Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tabbatar wa majiyyaci haƙƙinsa, amma doka ba ta raka kowa asibiti.

Saboda haka wajibi ne Sarakunan Hausawa na Sabon Ibadan, Agege da sauran zangogi, da limamai da masu gida, su tsaya a matsayin dangi. Duk wanda aka sallama a haɗa shi da mutum guda amintacce, wanda zai riƙe katin, ya ga an sha magani, ya raka shi ranar komawa. Addu'a ba ta hana shan magani. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.