Lissafin Kankare Tun Kafin A Kwaɓa

Sau da yawa ɗan kasuwa zai yini yana ciniki a kan farashin buhun siminti, amma ya bar wa magini ya faɗi yawan buhunan da ka. A ganinmu, a nan asarar take.

Lissafin ba shi da wuya. Alal misali, rufin bene mai tsawon mita 10, faɗin mita 8, kauri santimita 15, zai ci kankare kubik mita 12, wato tsawo sau faɗi sau kauri. Idan aka yi haɗin 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowane kubik mita yana cin buhu 6 da ɗoriya na mai kilo 50, domin busassun kaya suna shige wa juna da zarar sun sha ruwa. Ke nan ana neman buhu kusan 76, ban da ginshiƙai da matakala. Wajibi ne a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda zubewa.

Wanda ya sayi buhu 60 bai yi tsimi ba. Ranar zubi, ko dai aiki ya tsaya a tsakiya, sabon kankare ya ƙi haɗuwa da wanda ya riga ya daskare, ko kuma leburori su ƙara yashi a ɓoye. Na biyun ya fi muni, domin ido ba ya ganinsa. Saboda haka mai gini ya sa a ƙirga masa a gabansa: kowane buhu ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa.