Lissafin da ba ya kan takardar rajista

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, guɗa takan cika gidajenmu tun daga Damagaram har Tawa. Bayan an watse sai maigida ya tambayi nawa ne kuɗin rajista, in an faɗa masa ya yi hamdala, yana ganin abin da sauƙi. A nan muke yin kuskuren farko, domin a jami'o'in gwamnati kuɗin rajista shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da za a kashe.

Yaron da ya tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sai ya ci, sai ya kwana, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai ba su isar kowa. Wanda bai samu gado ba, ko dai ya kama haya a Harobanda, ko ya raɓa wurin dangi a wancan ƙetaren kogi, kullum yana biyan mota ya haye gadar Kennedy. Ga fotokopi na darussa, ga magani in zazzaɓin damina ya kada shi. Bursu kuwa ba kowa hukumar ANAB ke ba wa ba, kuma an sha ganin ta yi jinkiri. Jinkirin nan na cikin abin da ya fito da ɗalibai kan titi a watan Afrilun 2017, har ɗalibi guda ya rasu, aka rufe harabar jami'ar.

Amma abin da ya fi cin dukiyar iyali shi ne lokaci. A tsarin LMD, shekara 3 ake yin lisansi. Sai dai yajin aikin malamai, da ƙauracewar ɗalibai, da cunkoson azuzuwa sukan sa shekarar karatu ta shiga cikin wadda ke bi mata. In yaro ya maimaita aji kuma, sai ta ƙara nisa. Mu ɗauki misali kawai: gidan da ke aika jika 20 kowane wata zai kashe jika 720 cikin shekara 3. In karatun ya kai shekara 5, kuɗin ya zama miliyan 1 da jika 200, alhali hatsin rumbu bai ƙaru ba. Sau da yawa a wannan tazarar ake rasa yara. Ba kaifin ƙwaƙwalwa suka rasa ba: aike ne ya yanke, yaro ya shiga kabu-kabu ko koyarwa a wata ƙaramar makaranta don ya ci abinci, jarrabawa ta zo ta same shi bai shirya ba. Ya dawo gida babu takardar shaida, kuɗin da aka zuba kuma ba su dawowa. Ƴa mace kuwa, da zarar shekaru sun ja, sai a fara yi mata zancen aure.

Tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. A ganinmu, in fannin da yaro ke so yana kusa, kwana a gida da cin tuwon gida sun fi sunan babban birni amfani. In kuwa tafiyar ta zama dole, a tara baffanni da kawunnai tun kafin a sayi tikitin mota, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa a wata, a yi lissafin a kan shekara 5, a kuma tambayi ɗaliban da ke wannan sashen shekara nawa na gabansu suka yi kafin su karɓi takardarsu.