Kwamfutar Gida: Me Za Ki Bari a Ƙaramar Ma'ajiya, Me Za Ki Kai Babban Faifai?

  

A wannan wata za mu taɓa wani abu ne da ya shigo gidajenmu da yawa, amma ba a cika koya mana yadda ake tsara shi ba, wato wurin ajiya a cikin kwamfuta. Sau da yawa za ki ga an sayo kwamfuta don karatun yara ko lissafin sana'ar uwargida, a farko tana gudu kamar walƙiya, bayan 'yan watanni sai ta fara nauyi, tana ta ƙorafin cewa wuri ya cika. Daga nan sai wani a gidan ya hau goge-goge cikin gaggawa, a garin neman wuri a haɗa da hotunan suna, ko aikin makarantar da yarinya ta kwana uku tana rubutawa. Alhali kuwa a cikin wannan kwamfutar akwai wani ƙaton wurin ajiya da ke zaune fayau, ba wanda ya taɓa sa masa komai.

Bari mu fara da sanin su waye waɗannan ma'ajiyoyi biyu.

Na farko shi ne babban faifai, wanda masu gyara ke kira had disk. Shi ne tsohon hannu, domin kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da na farkonsa tun a 1956. A cikinsa akwai faya-fayai masu juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke kai da komo yana karanta abin da aka rubuta. Yana da faɗi, yana da araha idan aka kwatanta da yawan abin da yake ɗauka, amma yana da nawa, tun da sai faifan ya juyo hannun ya lalubo abin da ake nema. Kuma ba ya son faɗuwa ko girgiza, musamman lokacin da yake aiki.

Ta biyu ita ce ma'ajiyar da ake kira SSD. Ita babu abin da ke motsi a cikinta, danginsu ɗaya da katin ajiya na wayarki, sai dai ta fi shi ƙarfi da sauri nesa ba kusa ba. Babban faifai yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, ita kuwa ko mai sauƙin cikinsu takan kai wajen megabait 500, sababbin ma sukan kai dubbai. Matsalarta tsada. Shi ya sa ake haɗa kwamfutoci da yawa da ƙaramar SSD mai gigabait 128 ko 256, a ƙara mata babban faifai mai terabait 1, wato gigabait 1,000.

Uwargida, ki ɗauki abin kamar kicin ɗinki da sito. Gishiri, mai, daddawa da ludayi suna nan kusa da murhu, saboda kullum hannunki na kansu. Buhun shinkafa da na masara kuwa suna sito, sai an buƙata a je a ɗebo. Wadda ta jibge buhunan hatsi a gaban murhu ta bar sito wayam, ba ta da wurin juyawa, kuma girkinta zai yi ta jinkiri. To SSD ita ce gefen murhu, babban faifai shi ne sito. Abin da kwamfuta ke taɓawa kowane lokaci a bar shi a SSD, abin da ake ajiyewa don a duba jefi-jefi a kai shi babban faifai. Wannan shi ne dukan sirrin.

Kafin ki motsa komai, ki tabbatar ma'ajiya biyu gare ki da gaske. Idan kin danna maɓallin Windows tare da harafin E, za ki ga C: da D:. Amma ganin haruffa biyu ba hujja ba ne, domin wani lokaci faifai ɗaya ne aka raba shi gida biyu, kamar ɗaki ɗaya da aka gitta wa labule. Don ki tantance, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga wurin da aka rubuta "Performance". A can za ki ga kowace ma'ajiya da lambarta, an rubuta SSD ko HDD a jikinta. Idan kin ga guda biyu daban, to wannan bayani naki ne.

Kada kuma ki yi zaton mai shago ya cuce ki idan kin ga SSD mai gigabait 128 tana nuna kusan 119, ko faifai mai terabait 1 yana nuna 931. Bambancin ƙidaya ne. Masu ƙerawa suna lissafi da 1,000, ita Windows tana lissafi da 1,024.

To me zai zauna a SSD? Na farko ita kanta Windows. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta hawa kan ma'ajiyar da ta gaza gigabait 64, kuma da zarar ta zauna sai ta cinye gigabait 20 zuwa 30, ta kuma ci gaba da girma a duk lokacin da aka sabunta ta. Na biyu, manhajojin da ake buɗewa kullum, irin su Word da Excel da manhajar shiga intanet. Na uku, aikin da ake kan yi yanzu: takardar da ɗanki ke rubutawa a wannan zangon karatu, ko lissafin cinikinki na wannan wata. Irin waɗannan takardu ba su da nauyi, yawancinsu ko megabait ɗaya ba su kai ba, don haka ba su ne ke cika wuri ba.

Masu cika wuri su ne hotuna da bidiyo da sauti. Hoto ɗaya na waya yakan kai megabait 2 zuwa 5. Bidiyo mai kyau da aka ɗauka da waya na tsawon awa ɗaya yana iya cin gigabait 4 zuwa 8. Ki lissafa bidiyon kamu da ɗaurin aure da walima na biki ɗaya kawai, za ki ga rabin abin da ya rage a ƙaramar SSD ya tafi. Karatu ko wa'azi na sauti ya fi sauƙi, awa ɗaya kan ci wajen megabait 60, amma idan aka tara na shekaru shi ma yana zama kaya. Duk waɗannan, tare da finafinai, da tsofaffin takardun da aka gama da su, da manyan wasannin kwamfuta na yara, wurinsu babban faifai. Kallon bidiyo ko sauraron karatu ba ya buƙatar saurin SSD, daga babban faifai ma lafiya lau zai tafi.

Yanzu ga yadda za ki yi. Windows ta saba zuba komai a C: idan ba a ce mata ga inda za ta kai ba. Abin da aka sauko da shi daga intanet, da hotunan da aka kwaso daga waya, duk can suke tafiya. Sai ki shiga D: ki buɗe sababbin foldoji guda huɗu, ki sa musu suna kamar Hotuna, Bidiyo, Sauti da Saukewa. Daga nan ki je kan foldar "Pictures", ki danna maɓallin dama na linzami, ki zaɓi "Properties", sannan "Location", sannan "Move". Ki nuna mata foldar Hotuna da kika buɗe a D:, ki amince. Za ta tambaye ki ko a kwashe abin da ke ciki zuwa sabon wurin, ki ce e. Haka za ki yi wa "Videos" da "Music" da "Downloads". Daga ranar duk abin da aka ajiye a cikinsu babban faifai zai wuce kai tsaye, ba sai an tsaya tunawa ba.

A nan akwai wurin da ake yawan tuntuɓe. Kada ki nuna mata D: tsurarta ba tare da folda ba. Idan kika yi haka, sai faifan gaba ɗaya ya koma kamar shi ne foldar hotuna, kuma warware wannan rikici yana da wahala. Haka nan idan kwamfutar ta ƙi yarda a motsa wata folda, sau da yawa manhajar OneDrive ce ke riƙe da ita. Kada ki tilasta, ki nemi wanda ya sani ya duba miki. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma abubuwan da ba a taɓawa sam. Foldar da aka rubuta wa "Windows", da "Program Files", da "Users" gaba ɗayanta, kada a ja su da hannu zuwa D: wai don a sami wuri. Manhaja ba kamar hoto ba ce da za a ɗauke a ajiye ko'ina, tana da jijiyoyi a wurare da yawa, idan aka ja ta sai ta daina aiki. Idan ana so wani babban wasa ya koma babban faifai, a cire shi ta hanyar da ta dace, a sake sa shi, a zaɓi D: lokacin da aka tambayi wuri. Ki ja kunnen yara a kan wannan, domin su suka fi saurin gwaji.

Ki lura da fuskar kwamfuta ma. Duk abin da aka baje a kan allon farko, a C: yake zaune. Bidiyon biki da aka ajiye a nan don a riƙa ganin sa da sauƙi, SSD yake ci. Haka kwandon shara na kwamfuta: abin da kika goge yana nan yana cin wuri har sai kin zubar da kwandon. Amma ki leƙa cikinsa tukuna kafin ki zubar.

Kada ki bari SSD ta cika maƙil. Ki bar mata aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a buɗe, wato wajen gigabait 25 idan mai 128 ce. Dalili shi ne, ita ba ta rubutu a kan tsohon rubutu sai ta share wurin tukuna, don haka idan babu fili sai aikinta ya ninku, gudunta ya ragu. Ita ma Windows tana buƙatar fili don sabunta kanta. Idan kin ga layin da ke ƙarƙashin C: ya koma ja, to abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, lokacin gyara ya yi. A cikin saitin kwamfuta, a sashen "Storage", akwai wani abu mai suna "Storage Sense" da ke share tarkacen wucin gadi da kansa idan an kunna shi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗanda suka gabata muhimmanci, 'yar uwa. Kai hotuna babban faifai tsari ne, ba kariya ba ne. Abin da yake wuri ɗaya tak, ko SSD ce ko babban faifai, yana iya salwanta a rana ɗaya. Babban faifai yana iya mutuwa idan yaro ya ture kwamfuta daga kan tebur, ko wuta ta ɗauke yana tsaka da rubutu. Wani lokaci yakan yi gargaɗi da wani ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, idan kin ji haka ki kwashe kayanki nan take. SSD kuwa sau da yawa ba ta sallama, sai dai a wayi gari ta yi shiru. Kuma abin da aka goge daga SSD da wuya ƙwarai a dawo da shi, saboda takan share wurin da kanta ba da jimawa ba. Ɓarawo ma idan ya ɗauki kwamfuta, da ma'ajiyoyin biyu zai tafi.

Saboda haka ki ware abin da kuɗi ba sa sayo shi: hotunan iyaye da suka riga mu gidan gaskiya, hotunan yara suna ƙanana, kwafin takardun haihuwa, na makaranta, na fili ko gida, da littafin bashin sana'arki. Waɗannan su kasance a wuri uku. Ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ake jonawa ta USB a cire a adana a akwati, ɗaya kuma a wajen gidan, ko dai a ma'ajiyar intanet ko a hannun wani amintacce daga cikin dangi. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive yana ba da 5. Ba za su ɗauki bidiyon biki ba, amma sun ishi takardu da zaɓaɓɓun hotuna. Ki sa wa kanki rana ɗaya a wata, kamar ranar da ake auno abincin wata, ki jona faifan waje ki kwafi sababbin abubuwa.

Wannan tsari yana da wani amfanin da ya shafe mu mata. Idan kin san duk hotunan cikin gida suna folda ɗaya a D:, ranar da za a kai kwamfuta wurin mai gyara ba sai kin yi ta lalube ba. Ki kwafe su a faifan waje, ki buɗe ki tabbatar sun kwafu, sannan ki cire su daga kwamfutar kafin ta fita. Hotunan da kika ɗauka a ɗakinki tare da 'ya'yanki mata ba na idon kowa ba ne. Haka nan idan za a sayar da kwamfutar ko a bayar da ita kyauta, a tuna ma'ajiya biyu gare ta, a wanke su duka.

Aikin nan gaba ɗaya ba zai ci miki fiye da yammaci ɗaya ba. Ki zauna da maigida ko babban ɗanki ku yi shi tare, don kowa a gidan ya san inda ake ajiye kowane abu. Ki fara da kwafe muhimman abubuwa a faifan waje, sannan a shiga motsa foldoji. Rigakafi ya fi magani.

A nan zan dakata. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. A gaida yara. Wassalamu alaikum.