Shaidar kayan mata a waya: sirrin wa ake tallatawa?

Duk wadda ke da lambar mai sayar da kayan mata a wayarta ta san yadda sitatus ɗinta yake cika da daddare. Da farko hoton tsimi a jarka, da gumba a leda, da kazar amarya tana tururi a kula. Daga nan sai jerin hotunan hirar da aka ɗauko daga WhatsApp: "Hajiya, Allah ya saka da alheri, wallahi kaya sun yi." Wata kuma ta zarce da bayanin da ko aminiyarta ba za ta iya yi wa ido da ido ba. An ja jan layi a kan sunan, amma sau da yawa an manta da ɗan hoton da ke gefe, ko kuma a ɗora muryar matar ɗungurungum kowa ya saurara. Fidbak suke ce masa, kuma shi ne jarin wannan kasuwa, ya fi kayan kansu jawo ciniki.

Wannan shaida amana ce, ba dukiyar mai kaya ba ce. Yadda ake wasa da ita a yanzu yana cutar da mutum biyu a lokaci guda: matar da ta ba da shaidar, da wadda ta karanta ta tura kuɗinta.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce. Tun kafin a san waya, dillaliya ke shiga gida-gida da ƙullinta, kayan Sakkwato da na Zamfara da na Nijar, da goron Tula daga ƙasar Gombe, da garin da ake damawa da nono ko zuma. Gwaggo ko yaya ce ke haɗa amarya da ita, a yi magana ƙasa-ƙasa a ƙuryar ɗaki, a biya a hannu. Babu rubutu, babu abin da ya rage sai abin da ke cikin dillaliya. Ita kuwa a garin take kwana, ta san ranar da aka ji maganar wata a bakinta, ranar ƙofofin gidajen aure za su rufu mata. Tsoron wannan ne ya riƙe sirrin mata shekara da shekaru.

Yanzu a bi sawun ƙunshi guda daga Kano zuwa wani gida a Tudun Wadar Ɗankadai ko Riruwai. Matar ta yi magana da lambarta, lambar da tun Disambar 2020 gwamnati ta wajabta a haɗa ta da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ta tura kuɗi, cikakken sunanta na banki ya bayyana a wayar mai kaya, tare da hoton rasidin da ake cewa sai an turo kafin a ɗaure kaya. In ba ta da asusu, sai ta aiki yaro wurin mai POS na bakin kasuwa, shi kuma ya ga sunan shagon da aka tura wa, sunan da sau da yawa shi kansa talla ne. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa ƙauyuka da dama wannan hanya, ba a kuma koma baya ba. Sai a naɗe kwali da salatif, a rubuta suna da lambar waya da manyan baƙaƙe, a ba direba a tasha. Motar ta bi titin Zariya, ta karya a Kwanar Ɗangora, ta nufi Tudun Wada, in Doguwa za a je ta ratsa dajin Falgore. Yaron mota ya kira lambar, ɗan acaɓa ya karɓa ya kai ƙofar gida. Kafin ƙunshin ya shiga ɗaki ya bi ta hannun maza huɗu ko biyar, kuma direban da ɗan acaɓan galibi 'yan garin ne, sun san gidan, sun san maigidan.

Duk wannan kafin a zo kan shaidar ke nan.

A Kano cikin gari, jan layin da aka ja kan suna yana iya wadatarwa, domin jama'a na da yawa. A Ƙofa ko Yako ko Tiga ba haka abin yake ba. Mace ta rubuta cewa maigidan ya dawo daga kai masara kudu ranar Laraba, ko cewa tun da amaryarsa ta haihu bai leƙo ɗakinta ba sai jiya, to ta faɗi sunanta ko ba ta faɗa ba. Murya kuwa ba ta da mayafi. Mata da yawa sun fi sakewa da saƙon murya a kan rubutun boko, kuma duk wadda ta taɓa zama da mace a Islamiyya ko gidan biki za ta gane muryarta da kalma uku. A zauren WhatsApp na masu saye, inda ake iya tara mutum sama da dubu, lambar kowa a fili take ga kowa. Ba a san wace ce ƙanwar miji a ciki ba, ba a san wane namiji ne ya shiga da hoton fure da sunan mace ba.

Abin da ke biyo baya ya wuce jin kunya. A idon surukai da yawa, tsakanin kayan gyara da asirin mallaka babu wata tazara, kuma wasu masu sayarwar su ne suka ƙara dagula lamarin da sunayen da suke raɗa wa kayansu. Hoton hira guda ya isa a ce wance ta shanye ɗansu. Kishiya ta samu abin gori, miji ya ji an kai shimfiɗarsa kasuwa, magana ta kai gaban iyaye ko mai unguwa. Mai kayan tana can Kano ko Kaduna, babu abin da ya taɓa ta.

Maza ma ba su tsira ba. Mai sayen maganin basir ko na ƙarfin maza ta waya yakan zayyana wa baƙo rauninsa dalla-dalla, abin da bai taɓa faɗa wa likita ba, kuma wannan bayani yana zaune a wayar wani har sai ranar da aka sace ta ko aka kai ta gyara Farm Centre.

Sai ɗaya ɓangaren, na mai karanta shaidar. Duk mai waya biyu zai iya rubuta wa kansa godiya ya amsa wa kansa, ya ɗauki hoto. Ko fuskar da aka sani ba hujja ba ce. A ƙarshen 2021 'yar fim Regina Daniels, wadda ta tallata kayan fitacciyar mai sayarwa Hauwa Saidu Mohammed da aka fi sani da Jaruma, ta fito ta ce ita ba ta taɓa amfani da kayan ba, alaƙarsu ta kasuwanci ce kawai. Jaruma ta mayar da martani cewa naira miliyan 10 ta biya kuɗin tallan. Rigimar ta kai har kotu a Abuja a Janairun 2022. Ko wane ne ke da gaskiya a tsakaninsu, matan da suka sayi kaya saboda wannan fuska sun ji da kunnensu cewa talla suka gani, ba shaida ba.

Abin da ya fi damun mai lura shi ne shaidar da ba a taɓa gani. A duk jerin hotunan nan babu mai cewa ta sha ta kwana tana gudawa, ko matsin da ta yi ya jawo mata ƙaiƙayi da ciwon mara har sai da ta je asibiti. Ba don ba a samu ba ne. Wadda abin ya faru da ita ta san mai kayan na riƙe da duk hirarsu, da muryarta, da sunanta na banki. Ba sai an yi mata barazana ba, ita da kanta za ta haɗiye. In ma ta yi ƙarfin hali, labarin Chioma Okoli ya isa ya sanyaya mata gwiwa: a Satumbar 2023 wannan mata ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco ya cika zaƙi, 'yan sanda suka kama ta a Legas aka kai ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet. Tumatir ke nan, abin da ba kunya a ambatonsa. Ina ga abin da ya shafi ɗakin aure?

Sakamakon shi ne kasuwar da yabo kaɗai ke fita, illa kuwa ta tsaya a cikin gida. Illar kuma ta gaske ce. A Yulin 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi wasu kamfanoni huɗu bayan ta gano sinadaran sildenafil da tadalafil, na magungunan ƙarfin maza na asibiti, a ɓoye cikin zumar da suke sayarwa a matsayin ta gargajiya. Mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, in ya haɗa da irin wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas. NAFDAC ta sha yin irin wannan gargaɗi a nan gida. Likitocin mata kuma sun daɗe suna cewa cusa abubuwa a gaba yana kashe ƙwayoyin da ke kare wurin, ya buɗe ƙofa ga cuta. Jarkar da ba ta da lamba, ba ta da jerin abin da aka zuba, ba ta da ranar lalacewa, shaidar masu amfani ce kaɗai madogarar mai saye, ga shi kuma an tace ta.

Doka ba ta yi shiru ba. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ware lafiyar mutum da rayuwarsa ta shimfiɗa cikin bayanai masu tsananin sirri, ta ba shi ikon janye yardarsa da neman a goge abin da aka ajiye a kansa, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga ƙananan masu riƙe bayanai. An ma taɓa gwada irinta: a Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin ba da rance na Soko tarar naira miliyan 10 saboda aika wa mutanen da ke wayar masu bashi saƙonnin tozarci. A ƙetare, kamfanin Standard Innovation na Kanada, mai ƙera kayan jin daɗin ma'aurata, ya amince a 2017 ya biya dalar Kanada miliyan 5 bayan an kai shi ƙara kan tattara bayanan yadda masu saye ke amfani da kayansa ba da saninsu ba. Sai dai hukumar tamu ta NDPC ofishinta na Abuja, kuma matar da ke Burji ko Kafin Maiyaki ba ta taɓa jin sunanta a rediyo ba.

Masu sayarwa na da abin cewa, ya kamata a saurare su. Da yawansu zawarawa ne da matan aure da ke ciyar da 'ya'ya daga cikin ɗaki, kayansu aya ne da dabino da kwakwa da mazarƙwaila, babu cuta a ciki. Za su ce ita kwastoma da kanta ta turo godiyar, ba wanda ya tilasta ta, kuma in ba a nuna ba wa zai yarda ya tura kuɗi ga wadda bai taɓa gani ba? Gaskiya ne. Amma godiya daban, izini daban. Wadda ta ce wa Hajiya ta gode, da Hajiya take magana, ba da mutum ɗari biyar masu kallon sitatus ba. Addini ma ya riga doka: hadisin Abu Sa'idil Khudri da ke cikin Sahihu Muslim ya yi kakkausan gargaɗi ga ma'auratan da ke yaɗa sirrin shimfiɗarsu. Abin da aka hana miji da mata su fitar, babu ta yadda zai halatta ga wata ta uku ta mayar da shi allon talla.

Masu kiran Hisbah ta rufe sana'ar baki ɗaya su ma sun kauce hanya. Buƙatar na nan, hani ba zai kashe ta ba, sai dai ya tura ta inda ba mai gani, inda mai saye za ta ƙara rasa bakin magana.

Gyaran yana farawa daga hannun mai kaya, domin ita ke riƙe da sirrin. Kada ta ɗora hirar kowa sai ta tambaya a fili an amsa mata a fili, kada ta ɗora murya ko da an yarda, ta goge hira da rasidi in ciniki ya ƙare, ta daina rubuta sunan shago a jikin kwali. Zaure kuma a mayar da shi irin wanda masu saye ba sa ganin lambar juna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cin ko sisi. Mai saye ita ma ta taƙaita: ta faɗi abin da take so a aiko, ta bar labarin maigida da kishiya a cikinta, ta nemi ganin lambar NAFDAC, tana sane da cewa lambar kayan gargajiya alama ce ta an duba ba su da guba, ba tabbacin suna aiki ba.

Babban giɓin shi ne wurin kai kuka a asirce, kuma nan ne hukumomi ke da aiki. NAFDAC na da manhajar Med Safety ta kai rahoton illar magani, amma matar da ke tura saƙon murya don rubutu na ba ta wuya ba za ta cike fom da Turanci ba. Wadda za ta iya faɗa wa ita ce ma'aikaciyar lafiya ta ɗakin awo, wadda dama ita ke ganin illar in ta ɓaci. Ma'aikatar lafiya ta jiha da hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta Kano na iya ba asibitocin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa takarda mai sauƙi: sunan kaya, inda aka saya, abin da ya faru, ba tare da sunan mara lafiya ba. In rahoto ya taru a kan jarka iri ɗaya, a kai ta ɗakin gwaji, a sanar da sakamakon da Hausa a gidajen rediyon da ake kamawa har Riruwai.